Hukuncin Ɓoye Hatsi Don Jiran Tsada

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinSa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata al'ada da ta daɗe a kasuwannin hatsi, watau sayen abinci da kaka a zuba a sito, a jira bazara ko tsakiyar damina lokacin da rumbun talaka ya ƙare, sa'an nan a fito da shi. Duk wanda ya san Gusau da Tsafe da Bunguɗu ya san gero da dawa da masara da wake su ne ginshiƙin cinikin wannan yanki. Tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau garin ya zama matattarar amfanin gona, har dattawa suna tuna yunwar 1942 wadda aka laƙaba wa suna 'Yar Gusau. Saboda haka maganar ɓoye hatsi a nan magana ce ta ran mutane.

Abin da ya faru a 'yan shekarun nan

A shekarar 2021 Gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako saboda matsalar 'yan bindiga, waɗanda tun kafin nan suka hana manoma da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Ran 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A Fabrairun wannan shekara ta 2024 ne hukumar karɓar koke-koke ta Jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A watan Yuli kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da wake da shinkafa. Da aka shiga 2025 sai farashin hatsi ya faɗi ƙwarai, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

A cikin wannan hali an riƙa jin maganganu iri biyu. Wasu suna la'antar duk mai sito, wasu kuwa suna cewa kasuwa ce, kowa da dabararsa. Shari'a ta yi wa al'amarin rarrabewa wadda ta fi waɗannan duka.

Ma'anar ihtikari

Da Larabci ana kiran wannan aiki ihtikari ko hukura, asalin kalmar kuwa tsare abu ne da riƙe shi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Ma'amaru ɗan Abdullahi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta mai yin ihtikari da mai saɓo. A cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo cewa Sayyidina Umaru ya hana hukura a kasuwar Madina, amma ya bar wanda ya sha wahalar kawo kaya daga nesa ya sayar ko ya riƙe yadda ya so. Ya kuma kawo cewa Sayyidina Usmanu ya kasance yana hana ta.

A mazhabar Malik hanin bai tsaya ga abinci kaɗai ba, ya haɗa duk abin da tsare shi zai cuci mutanen kasuwa. Bisa ga wannan, takin zamani da man fetur da magani duk suna iya shiga ciki. Dalilin hukuncin shi ne cuta. Inda aka sami cuta an sami hani, inda babu ita babu shi.

Wanda hanin bai hau kansa ba

Na farko shi ne manomi da ya zuba abin da ya noma a rumbunsa. Na biyu shi ne magidanci da ya yi tanadin iyalinsa, domin ya inganta a cikin Buhari cewa Annabi ya kan keɓe wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Na uku shi ne ɗan kasuwar da ya saya lokacin yalwa, kasuwa tana cike, sayensa bai ƙuntata wa kowa ba. Irin wannan ajiya tana da amfani, gama in babu mai saye da kaka farashi ya kan faɗi har manomi ya kasa mayar da kuɗin taki, hatsi kuma ya fice daga gari. Labarin Annabi Yusufu, wanda ya tara abincin shekara bakwai na wadata domin shekara bakwai na fari a Masar, ya isa hujja ga mai hankali.

Ɗalibin da ya karanta Risala zai tuna cewa a babin zakka an bambanta ɗan kasuwa mai jujjuya kaya kullum da mai ajiya yana jiran kasuwa. Malaman mazhaba suna kiran na biyun muhtakiri, suka ce zai fitar da zakkar shekara guda idan ya sayar. Da a ce kowane jira haramun ne, da ba a tsara masa hukuncin zakka ba.

Wanda hanin ya hau kansa

Shi ne mai kuɗin da ya shiga kasuwa alhali abinci ya yi ƙaranci, ya share abin da ke ƙasa, ya kulle, yana kallon magidanci ya zo awo ya koma da rabin abin da ya saba. Haka 'yan sarin da suka haɗa baki a kan kada kowa ya fito da kaya sai buhu ya kai kaza. Kusa da su akwai masu tare ƙauyawa a bakin hanya su saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, abin da Buhari da Muslim suka ruwaito hani a kansa.

Idan kuwa matsi ya kai ga lalura, malamai sun ce duk mai abincin da ya wuce bukatarsa za a tilasta masa ya sayar a kan farashin da ya dace, ko da shi ya noma abinsa.

Aikin hukuma

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa kaya sun taɓa yin tsada a Madina, aka roƙi Annabi ya yanke farashi, bai yarda ba, ya mayar da al'amarin ga Allah, yana gudun kada a zalunci wani. Malamai suka fahimci cewa tsadar da ta zo daga ƙarancin kaya ko wahalar hanya ba a maganinta da matsa wa ɗan kasuwa. Wadda ta zo daga makircin mutane kuwa wajibi ne a tsoma hannu. Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya na Ƙairawan, ya ce a littafinsa Ahkamus Suƙi a sayar da kayan mai ɓoyo, a mayar masa da uwar kuɗinsa, ribar kuma a yi sadaka da ita domin ladabtarwa.

Wannan ya nuna nauyi biyu a kan mahukunta. Ɗaya shi ne bincike kafin a rufe sito, domin kada a haɗa mai tanadi da mai ɓoyo. Ɗayan shi ne kawar da asalin ƙarancin, watau a tsare gona da hanya, tun daga Tsafe kan titin Funtuwa har Bunguɗu kan titin Sakkwato. Jihar da aka ƙaddamar da Shari'a a babban birninta ran 27 ga Oktoba, 1999 ta fi kowa cancantar ganin wannan babi na fiƙihu yana aiki a kasuwa.

Nasiha ga mai sito

Kafin ya kulle ƙofa ya dubi abu uku. Ya dubi kasuwar da ya saya, cike take ko ta yi ƙaranci. Ya dubi zuciyarsa, ko yana jin daɗi in ya ji ruwa ya ɗauke. Ya dubi maƙwabcinsa, ko an ɗora tukunya a gidansa. Manomi kuma kada ya manta da zakkar abin da ya noma in ya kai wusuƙi 5, watau sa'i 300: kashi 1 cikin 10 ga noman damina, kashi 1 cikin 20 ga wanda aka shayar da wahala. Ita ce kason talaka tun kafin hatsi ya shiga rumbu.

Faɗuwar farashi ta 2025 ta nuna cewa kasuwa ba ta hannun kowa. Riba kaɗan da albarka ta fi buhu dubu da kukan marayu. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya sa a dace. Amin.