Binciken Tsaro Kafin a Sami Kwangilar Gwamnati: Abin da Ya Kamata Ɗan Kwangila Ya Sani

Gwamnatin Tarayya ba ta iya gudanar da dukan ayyukanta da hannun ma'aikatanta kaɗai, saboda haka takan ba da kwangila ga kamfanoni da 'yan kasuwa. Yawancin waɗannan ayyuka, kamar gina azuzuwa ko haƙa rijiyoyin burtsatse, a fili ake yinsu, kowa yana gani. Amma akwai waɗansu na dabam, alal misali gyaran barikin soja, da ginin ma'ajiyar makamai, da kafa na'urorin sadarwa a ofisoshin tsaro, da buga takardu masu muhimmanci. Wanda ya shiga irin waɗannan wurare zai ga abin da sauran jama'a ba su gani ba. Domin haka ne, kafin a sakar masa ƙofa, sai an bincika an tabbata mutum ne mai riƙon amana. Wannan shi ake kira binciken tsaro.

Mene ne asirin gwamnati?

Dokar Asiran Gwamnati ta 1962 ita ce tushen wannan al'amari. A ƙarƙashinta, asiri shi ne duk wani labari ko wani abu da gwamnati ta keɓe domin kada a bayyana shi ga jama'a, wanda kuma fitarsa za ta cutar da tsaron Nijeriya. A aikin gwamnati an kasa takardun asiri hawa huɗu, tun daga waɗanda aka ƙayyade masu ganinsu har zuwa babban asiri, wanda ɓullarsa ke iya jawo wa ƙasa mummunar ɓarna. Asiri ba takarda ce kaɗai ba. Taswirar gini, da tsarin wayoyin lantarki, da lokacin da masu gadi ke sauya aiki, duk suna iya zama makami a hannun mai mugun nufi.

Su wane ne ke da alhakin kiyaye shi?

A shekarar 1976, bayan kisan Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammad, aka kafa hukumar tsaro ta ƙasa mai suna NSO. A 1986 kuma aka rushe ta da Doka mai lamba 19, aka raba aikinta ga hukumomi uku. Hukumar Tsaro ta Farin Kaya, wadda aka fi sani da DSS, ita ke lura da tsaron cikin gida da asiran da ba na soja ba. Hukumar Leƙen Asiri ta Soja, watau DIA, ita ke kiyaye asiran soja. Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa, watau NIA, aikinta ya shafi ƙasashen waje. Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro shi ke daidaita tsakaninsu. Irin aikin da ɗan kwangila zai yi shi ke nuna hannun da bincikensa zai bi, kuma ma'aikatar da ta ba da aikin ita ce za ta bayyana masa sharuɗɗan.

Takardun da ake fara nema

Dokar Ba da Kwangilar Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta shimfiɗa sharuɗɗa ga duk mai neman kwangilar tarayya. Ga manya daga cikinsu:

1. Kamfani ya kasance halattacce, mai rajista da Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista.
2. Ya sauke nauyin haraji da na fanshon ma'aikata da ke kansa. Takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku da suka gabata ake nema.
3. Ya kasance yana da ƙwarewa, da kayan aiki, da ma'aikata, da ƙarfin jari gwargwadon aikin, kuma bai karye ba.
4. Kada a sami wani darektansa da kotu ta taɓa ɗaurewa, a kowace ƙasa, bisa laifin zamba ko ha'inci cikin kuɗi.
5. Ya gabatar da takardar rantsuwa wadda ta bayyana ko wani jami'in da ke cikin kwamitin ba da kwangilar yana da hannun jari ko wata riba a kamfanin.

Dokar ta ware kayayyaki da ayyuka na musamman da suka shafi tsaron ƙasa, ta ce ba za ta hau kansu ba sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Kada ɗan kwangila ya ɗauki wannan a kan sassauci, domin a irin waɗannan ayyuka hukumomin tsaro ne ke sa ido, kuma idonsu ya fi kaifi. Har ila yau, wanda aikinsa ya ƙunshi shigo da kaya irin su motoci masu sulke, ko nakiyoyin fasa dutse, ko jiragen sama marasa matuƙa, lalle ne ya sami takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan daga Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro tun kafin kayan su taso.

Me masu bincike ke dubawa?

Tambayoyi uku ne ginshiƙin binciken. Ta farko, wane ne wannan mutum? A nan ake gwada sunansa, da ranar haihuwarsa, da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, da wurin zamansa, a ga ko sun dace da juna a dukan takardunsa. Ta biyu, wane ne ainihin mai kamfanin? Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana waɗanda ke da iko a kan kamfani, domin kada wani ya laɓe a bayan ɗan'uwansa ko yaronsa. Ta uku, akwai wata igiya da za a iya jan mutumin nan da ita? Bashin da ya yi katutu, ko tsohon laifin da aka ɓoye, ko hulɗa da miyagun ƙungiyoyi, su ne ƙofofin da maƙiya ke bi su sayi mutum ko su tsorata shi.

Ya kamata a lura da abu guda ƙwarai. Aibin da mutum ya faɗa da bakinsa ana iya auna shi, a saurari bayaninsa. Aibin da ya ɓoye kuwa, aka tono shi, ya zama biyu, domin ya nuna ba a iya dogara da maganarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Saboda haka a cika kowace takarda da gaskiya, a gyara saɓanin suna ko na shekarun haihuwa tun da wuri, kuma a yi haƙuri, domin bincike yakan ci lokaci.

Nauyin da ke biyo bayan izini

Samun izini ba shi ne ƙarshen magana ba, mafarinta ne. Amanar ta hau kan mai kamfani da duk wanda ya shigar wurin aikin, tun daga injiniya har birkila, da lebura, da direba, da ƙaramin ɗan kwangilar da ya raba wa aiki. Wajibi ne ya san su, ya kuma gargaɗe su kada su ɗauki hoto da wayar hannu, kada su aika taswira ta WhatsApp, kada su mai da abin da suka gani abin hira a majalisa ko a tasha. Baki shi ke yanka wuya. Idan takarda ta ɓace, ko wani baƙo ya dame su da tambayoyi, a sanar da hukumar nan take. In aiki ya ƙare a mayar da takardu duka, gama riƙe su ba da izini ba laifi ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba jama'a damar neman bayani daga hukuma, amma ba ta mai da ɗan kwangila mai raba asirin da aka ba shi ajiya ba.

Hukunci

Wanda ya miƙa asirin gwamnati ga wanda bai cancanta ba yana iya shan ɗauri har na shekara 14 a ƙarƙashin dokar 1962. A ƙarƙashin dokar 2007 kuwa, mutumin da ya yi amfani da takardun jabu wajen neman kwangila yana fuskantar ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba tare da zaɓin tara ba. Kamfani kuma za a hana shi kwangilar gwamnati na aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin kwangilar.

A yi hattara da dillalai

Akwai waɗanda ke yawo suna cewa sun san wani babba, a ba su kuɗi su kawo takardar izini. Macuta ne. Duk kuɗin da doka ta ɗora, cikin asusun gwamnati ake biyansa, a karɓi rasiɗi. Wanda ya sayi takarda a bayan fage ya yi asarar kuɗinsa, sa'an nan ya sayo wa kansa shari'a.

Ɗan kwangila na ƙwarai ba ya gudun bincike, domin ya san barikin da ya gyara, sojojin da ke kwana a ciki 'ya'yan jama'a ne, kuma tsaron da suke bayarwa har da gidansa da kasuwarsa. Kiyaye asirin ƙasa kiyaye rayukan 'yan ƙasa ne.