Darasin Wannan Wata: Bindiga da Ran Mutum

A karanta: Farawa 4:1-12, Fitowa 22:2-3, Matiyu 26:47-54.

'Yan'uwa, ran 27 ga Agusta 2025, a birnin Miniyapolis na ƙasar Amurka, 'yan makaranta suna cikin sujada a wata majami'ar Katolika, sai wani ya yi ta harbinsu ta taga. Yara biyu suka mutu, da yawa suka ji ciwo. Ba wannan ne na fari ba. A shekara ta 2012 an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook. A shekara ta 2021 kaɗai mutum 48,830 suka mutu da harsashi a ƙasan nan, fiye da rabinsu kuwa su ne suka kashe kansu. Domin wannan gardama ta yi zafi a can. Waɗansu suna cewa a tsananta doka a kan bindiga, waɗansu kuwa suna cewa dokar ƙasarsu ta 1791 ta ba mutane ikon riƙe makami, kada a taɓa ta. Bari mu duba abin da Ekklesiyar Katolika ta ke koyarwa a kan wannan, gama da abin koyo a ciki.

1. Rai na Allah ne

Tushen koyarwar ke nan. Sa'ad da Kayinu ya kashe Habila, Allah da kansa ya bi bahasin jinin. Wanda ya ba da rai shi ne mai shi. Saboda haka kome mu ka faɗa a kan bindiga, sai mu auna shi da wannan: yana tsare rai, ko yana ɓad da shi?

2. Tsaron kai halal ne, amma da iyaka

Ekklesiya ba ta ce mutum ya naɗe hannu a kashe shi ba. Malaminta Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa mai tsaron kansa nufinsa ya ceci ransa ne, ba ya neman mutuwar wancan. Amma in ya yi ƙarfi fiye da bukata, ya yi laifi. Mun ga irin wannan cikin Fitowa 22: ɓarawon dare daban, na rana daban, gama da rana akwai wata hanya banda kisa. Katekizim na 1992 ya ƙara da cewa wanda rayukan waɗansu su ke hannunsa, tsaronsu wajibi ne a kansa.

3. Bindiga ba zancen mai ita kaɗai ba ne

Katekizim ɗin nan ya koyar cewa ƙera makamai da cinikinsu sun shafi lafiyar jama'a duka, don haka hukuma tana da iko, kuma tilas ne a kanta, ta sa musu doka. Tun 1975 bishop-bishop na Amurka suka roƙi a rubuta ƙananan bindigogi na hannu a littafin hukuma, a ba masu su lasin, a kuma sa mai saye ya jira 'yan kwanaki kafin a miƙa masa. Dalilin jiran a fili ya ke. Mai fushi da mai baƙin ciki su kan huce bayan kwana biyu, amma harsashi in ya fita ba ya komowa.

A Ostareliya, bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnati ta hana waɗansu irin bindigogi, ta saye wajen 650,000 daga hannun mutane. A 2015 kuma Paparoma Faransis ya tsaya gaban majalisar Amurka ya tsauta wa masu cinikin makamai, ya nuna kuɗi ne dalilinsu, kuɗin kuwa na jini ne.

Mu lura fa: Ekklesiya ba ta mai da wata doka guda ta zama sashin bangaskiya ba. Masu bi suna iya saɓawa a kan wace doka ta fi amfani. Abin da ba su da iko su yi shi ne su ce ba ruwansu da jinin maƙwabci.

4. Mu fa?

Kada mu ce wannan zancen Turawa ne. Bayan rushewar mulkin Libiya a 2011 makamai sun kwararo cikin ƙasashen Sahel. Ran 5 ga Yuni 2022 'yan bindiga suka kashe masu sujada da dama a majami'ar Katolika ta Owo. Da yawa cikinmu sun bar gona da gida saboda tsoro. In ɗan'uwa ya tambaye mu, ko laifi ne ya tsare ƙauyensa, ba za mu ce laifi ne ba. Amma sai mu gaya masa abu uku. Na ɗaya, ya yi tsaron a ƙarƙashin doka, gama a Nijeriya riƙe bindiga sai da lasin. Na biyu, in maharan sun tafi, shi kuwa ya bi ya ƙone gidan danginsu, wannan ramuwa ce, Allah kuwa bai bar mana ramuwa ba. Na uku, mai sayar da bindiga a ɓoye, da mai ajiye ta domin mugaye, suna da rabo cikin jinin. Hukuma ita ma za ta ba da lissafi, gama in ta karɓe makami daga talaka ta bar shi ba tsaro, ta yi rabin aikinta ne kawai.

Bitrus ya zare takobi domin ƙaunar Ubangijinsa, duk da haka Yesu ya hana shi. Mu yi tunani a kan wannan kafin mu miƙa hannu ga makami.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tsaron kai da ramuwa?
2. Don me aka roƙi mai sayen bindiga ya jira 'yan kwanaki?
3. In ka san mai ɓoye makamai a garinku, me ya kamata ka yi?

Mu yi addu'a domin iyayen da suka rasa 'ya'yansu, da masu mulki, domin Allah ya ba su hikima.