Hutu a Alƙahira Ba Tare da Tsarin Yawo Ba

Tambaya: Ni da maiɗakina za mu je Alƙahira hutun mako guda, amma ba mu tsara wuraren da za mu ziyarta ba. Ko akwai matsala?

Amsa: Malam, babu matsala, muddin kun kammala abu uku tun daga gida: biza, masauki da tikitin dawowa. Sauran kuwa ku bar wa gari, ya nuna muku kansa.

Kullum ku zaɓi unguwa ɗaya tak, ku taka ta a ƙafa. Ku fara da Masallacin Azhar, wanda aka buɗe a shekarar 972, sannan ku tsallaka zuwa kasuwar Khan al-Khalili. Ku zauna ku sha shayi da na'a-na'a, ku yi ciniki a natse, domin farashin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Yunwa ta taso, ku nemi kushari, haɗin shinkafa da taliya da soyayyar albasa.

Cunkoson motoci na cinye lokaci, don haka ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa; akwai taragon mata zalla. Dalar Giza kuwa sammako take so, kafin rana ta take.

Ku riƙe katin otel ɗinku mai adireshi da Larabci. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.