Lalurar Down da Sankarar 'Ya'yan Maraina

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan taɓo wani batu da kunya kan hana mu faɗa, wato sankarar 'ya'yan maraina ga maza baligai masu lalurar Down. Hausawa dai sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mece ce Lalurar Down?

A cikin ƙwayar halittar ɗan Adam akwai wasu zarurruka 46 masu ɗauke da gado, waɗanda ake kira kuromosom, an jera su biyu-biyu har kashi 23. Mai wannan lalura yana da ƙarin guda a kashi na 21, sai nasa su zama 47. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, shi ya bayyana siffofinta a 1866, sannan a 1959 masana a Faransa suka gano ƙarin zaren.

Ina Haɗarin Yake?

Yawancin sankarar da ke fitowa a matsayin ƙari, kamar ta huhu da ta hanji, ba ta cika kama masu wannan lalura ba. Amma ta maraina ta fi samunsu fiye da sauran maza. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, sau da yawa akan haife su ɗan maraina bai sauko cikin jakarsa ba, wannan kuwa yana ƙara haɗarin ko da an yi aiki an sauko da shi. Cutar ta fi kama matasa, daga shekara 15 zuwa wajen 40.

Alamarta ta farko ita ce ƙullutu mai tauri ko kumburi a ɓangare guda, galibi ba zafi. A nan ne nake ganin harshe na da rawar takawa. Mu kan kira kusan kowane kumburi a wurin da "gwaiwa", sai a ɗauka ruwa ne kawai ya taru. Ga shi mai lalurar ba lallai ya iya bayyana abin da yake ji ba.

Kammalawa

Wannan sankara tana cikin waɗanda suka fi jin magani, musamman in an gano ta da wuri. Saboda haka ina kira ga uba ko yayan mai lalurar ya riƙa sa ido, ya kuma nemi likita ya duba wurin duk shekara. Mu kuma ɗaliban harshe, mu koyi kiran cutar da sunanta cikin ladabi, domin sakayar da ta yi yawa kan jinkirta zuwa asibiti.