Yadda Ake Yi wa 'Yan Sojojin Wasa Fenti

A Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe akwai wani wasan yaƙi wanda manya da yara suke yi bisa tebur. Mutum biyu su kan zauna, kowa ya jera rundunarsa ta 'yan ƙananan mutum-mutumin sojoji. Sa'an nan su riƙa matsar da su, suna awo da rula, suna jefa ƙwaya irin ta ludo, har ɗaya ya rinjayi ɗaya. Wasan ya daɗe. A shekarar 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fara zuba sojojin dalma marasa ciko a ciki, suka yi araha. A 1913 kuma wani marubuci, H. G. Wells, ya fitar da littafin ƙa'idodin wasan, mai suna Little Wars. Yanzu galibi da roba ake yin sojojin, kamar na wasan Warhammer wanda ya fito a 1983.

Tsawon soja ɗaya ya kan kai milimita 28, wato ya ɗara inci ɗaya kaɗan. Ruwan toka ake sayar da su, duk iri ɗaya, mai su ne zai yi musu fenti da hannunsa. Aikin yana da wuya ga mai gaggawa, domin sojan da aka ɓata fuskarsa da fenti sai an sha wahala kafin a gyara shi.

Da farko a kan kankare 'yar zanen da mazubi ya bari a jikinsa, a wanke shi da ruwa da sabulu don maiƙo ya fita. In ya bushe sai a shafe shi duka da fentin share fage, baƙi ko fari. Roba tana da santsi, in ba a yi wannan shafi ba, launin da za a sa daga baya ba zai kama ba.

To, ga inda sabon shiga ya fi yin kuskure. Ya kan tsoma buroshi cikin kwalba, ya ɗebo fenti mai kauri, ya lafta. Nan da nan maɓallan riga da ɗamara da hancin soja su nutse, ya zama kamar curin laka. Gwani ba ya yin haka. Ya kan ɗiga fenti kaɗan a kan faranti, ya sirka da ruwa har ya yi tsinkewar madara. Shafin farko ba ya rufewa sosai, ana hangen abin da ke ƙarƙashi, amma ba ya damuwa. Sai ya jira ya bushe, ya ƙara na biyu. Ya kan fara da fata, sa'an nan riga, sa'an nan ɗamara da makami, kamar yadda mutum yake sa tufafi.

Ko an gama wannan, sojan bai yi kama da mai rai ba tukuna. Dalili kuwa shi ne, mutum in ya tsaya a rana, inuwa ta kan kwanta cikin ninkin rigarsa. Ɗan soja ya yi ƙanƙanta, ninkinsa ba shi da zurfin da zai yi inuwa. Saboda haka mai fenti ne zai sa masa ita. Ya kan shafa wani fenti mai duhu wanda ya tsinke kamar ruwa, shi kuwa ya gangara ya taru cikin lunguna. Bayan ya bushe, sai ya ɗauki tsohon buroshi, ya taɓa launi mai haske, ya goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, ya riƙa sharewa a hankali bisa jikin sojan. Wuraren da suka taso kaɗai ne za su ɗauki hasken. Idanu kam, gara sabon shiga ya ƙyale su, don daga bakin tebur ba mai ganinsu.

Saura wurin tsayawa. Kowane soja a kan liƙa ƙafafunsa bisa ɗan faifai don kada ya faɗi. A shafa farin gam a kan faifan, a tsoma shi cikin yashi, a kakkaɓe, a bar shi ya kwana. Kashegari a yi masa fenti ruwan ƙasa, a manna 'yar tsakuwa da ciyawar roba kaɗan. Runduna ɗaya iri ɗaya ake yi wa faifanta, don a gane a fili ɗaya suke tsaye. Daga ƙarshe a fesa musu banish, saboda yatsun 'yan wasa kada su cinye fentin.