Yadda Ake Raka Yaro Daga Aji Shida Zuwa Ƙaramar Sakandare a Kabong

A firamare malami ɗaya ne da yaro. Shi ke kiran suna da safe, shi ke koyar da lissafi da Turanci da sauran darussa, ya san wanda ya fito gida bai karya kumallo ba, wataƙila ma ya san rumfar uwarsa a kasuwar Gada Biyu, nan Jos. Ranar da yaron ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wannan gatan ya ƙare. Darussa sun haura goma, kusan kowanne da malaminsa, kowane malami kuma minti arba'in ne nasa ko ƙasa da haka. Ana kaɗa ƙararrawa zai kwashi allinsa ya fita, wani ya shigo. Yaron da ya saba a san shi ya koma suna a rajista. Duk shirin da iyaye za su yi, a kan wannan canjin ya kamata ya tsaya: yaro ya iya riƙe kansa, a kuma samu babba ko da ɗaya ne a sabuwar makarantar da ya san shi da fuska.

Tun 1982 Nijeriya ta fara aiki da tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, dokarsa ta biyo baya a 2004. Dokar ta haɗe firamare da ƙaramar sakandare ta mai da su shekara tara, kyauta kuma tilas, har da hukunci ga iyayen da suka ƙi tura ɗansu: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari a karo na biyu. Ke nan aji shida ba tasha ba ce da za a sauke yaro a ce ya tafi gareji ko talla. Sai dai kyautar a takarda ta fi ƙarfi. Yunifom da littattafai da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai duk aljihun uba da uwa suke jira, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin yana farawa shekara guda kafin ranar shiga, da tambayar da iyaye da yawa ba sa son ji: yaron nan ya isa kuwa? Makarantun kuɗi sun ɗauki wata al'ada ta tsallake aji shida, a ɗauko yaro daga aji biyar, wani lokaci ma aji huɗu, a zaunar da shi jarrabawar shiga sakandare. Iyaye na murna, an rage kuɗin shekara guda, ga kuma abin faɗa wa maƙwabta. Ni dai ban ga ribar ba. Yaro ɗan shekara tara yana iya cin jarrabawa, amma zai zauna aji ɗaya da 'yan sha biyu da sha uku, su ne za su riƙa aikensa, su ne za su ture shi a layin famfo. In ya gama babbar sakandare yana sha biyar kuma, sai ya tarar ƙa'idar shiga jami'a ta ce sai ɗan sha shida. Sauri ya haifi nawa.

Ana iya auna shi a gida ba tare da an biya kowa ba. A ba shi shafi ɗaya na littafin Turanci da bai taɓa gani ba, ya karanta a fili, sannan a rufe littafin a ce ya ba da labarin da Hausa ko da yaren gida. Wannan gwajin yana da nauyi a unguwa irin Kabong, inda yaro ke jin Berom ko Ngas ko Igbo a ɗaki, Hausa a layi da kasuwa, Turanci kuma sai a aji. Akwai yara masu karanta Turanci tiryan-tiryan da murya mai daɗi, amma ka tambaye su me ya faru a labarin sai su yi zuru. Irin wannan yaron a firamare malaminsa na iya rufa masa asiri, a sakandare kuwa kowane darasi da Turanci zai zo masa, daga kimiyya har ilimin kasuwanci. A kuma gwada shi da jadawalin ninkawa har zuwa sha biyu, da rabawa mai saura. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, shi ne saurin rubutu. A karanta masa layi goma ya rubuta, a duba agogo. Malamin sakandare yana cika allo ya goge, ba ya jiran kowa. In an ga rauni a ɗayan ukun nan, shekarar aji shida ita ce ta gyara, ko da lesin ne na awa ɗaya da yamma wajen wani ɗalibin jami'a a unguwa.

Sai takardu. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, hotuna ƙanana, takardar shaidar kammala firamare daga hedimasta, da takardar asalin ƙaramar hukuma in ana neman makarantar tarayya. Abin lura ɗaya ne: sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi, da kuma jerin wanne ne farko wanne ne na uba. Sunayenmu na Filato sukan sha wahala a hannun magatakarda, wannan ya sa harafi, wancan ya cire. Kuskuren da aka bari a rajistar aji ɗaya zai bi yaro zuwa jarrabawar aji uku, ya bi shi WAEC da JAMB da lambar NIN, ƙarshenta a kai ga rantsuwa a kotu.

Zaɓen makaranta kuwa ya danganta da aljihu da kuma nisa. Akwai ta gwamnatin jiha ta jeka-ka-dawo, irin sakandaren gwamnati ta Kabong, wadda yaro zai taka da ƙafa. Akwai na mishan masu tsohon suna a Jos, irin su St. Murumba da St. Louis da Baptist High School, da tarin makarantun kuɗi, kowacce da tata jarrabawar da ranarta. Akwai na gwamnatin tarayya, kamar Kwalejin Tarayya ta Jos da ta 'yan mata a Langtang, waɗanda ake shiga ta jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa sau ɗaya a shekara. Ta intanet ake rajistarta tun watanni kafin ranar, don haka a fara tambayar hedimasta da zarar an dawo hutun Kirsimeti. Makarantun soja, Command da ta sojan sama, su ma nasu fom daban ne. Kada a rataya rai ga guda ɗaya. A sayi fom biyu in da hali, ɗaya ta buri, ɗaya ta kusa da gida.

Duk wadda aka sa wa ido, a je a gan ta ranar da ake karatu, ban da ranar biki. A wuce ofishin shugaban makaranta da kofunan da aka jera a kabad, a nemi ganin makewayi da inda yara ke shan ruwa. A leƙa aji ɗaya a ƙirga kawuna da kujeru. A roƙi wani ɗalibi littafinsa na lissafi a ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. Sannan a ɗaga kai a dubi ginin. Ranar 12 ga Yulin 2024 benen makarantar Saint Academy da ke Busa Buji, nan cikin Jos ta Arewa, ya rufta ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, fiye da ɗari suka jikkata. Tun daga ranar babu uban da za a ce ya yi rashin kunya don ya tambayi wa ya amince da ginin, ko don ya nuna tsaga a bango ya ce mene ne wannan.

Akwai kuma lissafin da mutanen Jos ke yi a zuci ko ba su furta ba, tun rikicin Satumban 2001: wace hanya yaro zai bi, kuma in gari ya rikice aka sa dokar hana fita da rana tsaka, ina zai nufa? Gara a yi maganar a fili tun kafin a biya kuɗin makaranta. A tambayi hukumar makarantar me suke yi a irin wannan rana, suna riƙe yara har iyaye su zo ko suna buɗe ƙofa kowa ya kama gabansa. A zaɓi gida ɗaya na ɗan'uwa ko amini kusa da makarantar, a kai yaron ya ga ƙofar, ya gaida masu gidan. Ya haddace lambar waya biyu da ka.

Jarrabawar kanta ba ta buƙatar dogon bayani. A nemo tambayoyin shekarun baya, a riƙa zaunar da shi da agogo ranar Asabar, a koya masa cike gurbin amsa da fensir ba tare da ya tsallake layi ba. Wanda ya zo ya ce a kawo wani abu zai taimaka wa yaro a ɗakin jarrabawa, a sallame shi. Yaron da aka saya wa gurbi shi zai zauna a ajin, ba mai sayarwar ba.

Malaman aji shida su ma da nasu rabon. A zango na uku hedimasta mai lura yakan sa malamai su riƙa musayar aji, wannan ya shigo da lissafi, wancan da Turanci, yara su saba da sauyin fuska da kaɗa ƙararrawa. Ana iya ɗaukar 'yan ajin a yini ɗaya a kai su sakandaren da ke kusa, su ga ɗakin gwaje-gwaje, su ji daga bakin waɗanda suka riga su da shekara guda. In yaro yana da larura, ba ya gani sosai daga baya, ko yana da sikila ko asma, malaminsa ya rubuta layi biyu a ba iyaye su kai gaba. Iyaye na iya kawo wannan shawara a taron ƙungiyar iyaye da malamai, ba ta cin kobo.

Dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin sayayya ne da gwaji. Mai adashi ya nemi kwasarsa ta faɗo a Agusta. A karɓi jerin kaya daga makaranta kafin a sayi komai, domin littafin da yayansa ya yi amfani da shi bara ba lalle ne shi ake so bana ba. Yunifom biyu, a ɗinka da ɗan yalwa. Rigar ruwa ko lema, tunda a Jos damina ba ta ɗaukewa sai wajen Oktoba, da suwaita mai kauri mai launin da makaranta ta yarda da shi, don sanyin Disamba da Janairu a tudun nan ba ya wasa da yaron da ke fita ƙarfe shida da rabi. A gwanjon Katako ana samun mai kyau da sauƙi. A rubuta sunansa a jikin komai, har cikin takalmi.

Hanyar ma sai an koya. Uba ko uwa su bi ta tare da shi a daidai lokacin da zai riƙa fita, a nuna masa inda ake tsallaka titi a Gada Biyu da hanyar Rukuba, inda ake tsayar da keke, nawa ake biya, da abin da zai ce in direba ya ce babu canji. Daga baya ya shige gaba, babba na biye daga nesa. Wanda zai tafi makarantar kwana kuwa, hutun nan ne zai koyi wankin kayansa, da guga, da ɗinke maɓalli, da ajiye ɗan makullin akwati a wuya. Uwar da ta ce tausayi ya hana ta barinsa ya yi wanki a gida, ta sani a can babu mai tausayin.

Akwai zance biyu da ba a barin wa makaranta. Yarinya 'yar sha ɗaya ko sha biyu tana iya ganin al'adarta ta farko a aji, don haka uwa ko inna ta zaunar da ita tun a gida, ta sa mata audugar mata a jaka, ta ce: "In ya zo, ki je wurin malama mace ki faɗa mata a kunne, ba ciwo ba ne, ba laifi ba ne." Na biyu zancen siniyoyi ne, kuma ya shafi mace da namiji. Yaro ya san bambancin firifet da ya ce a share aji da wanda ya ƙwace masa kuɗin tara ko ya kira shi bayan aji shi kaɗai. Uba ya faɗa masa ƙarara: "Duk wanda ya ce kada ka gaya mini, shi za ka fara gaya mini." Zumuntar mata a coci da malaman Islamiyya suna iya tara iyayen 'yan aji shida a yi irin wannan hira tare, don wata uwar kunya ke hana ta farawa.

Makon farko, a kwafi jadawalin darussa a manna a bango. Kowane dare yaron ne zai duba ya shirya jakarsa, babba ya tsaya kallo kawai. In ya dawo, "Yaya makaranta?" ba ta samo komai sai "Lafiya." A tambaye shi wa ke zaune kusa da shi, wane malami ne bai shigo ba yau, me ya ci da tara. Ranar Juma'a a buɗe littattafansa ɗaya bayan ɗaya. Ko uwar da ba ta yi boko ba tana gane shafin da aka fara rubutu aka bari rabi, kuma wannan alama ce ta yaron da allo ke tsere wa.

A cikin makonni biyun farko a nemi malamin ajinsa, wanda ke riƙe da rajista. A gaishe shi, a ce: "Malam, ga ɗanka nan na kawo maka, ga lambata, ko da dare ne ka kira." A karɓi tasa. Wannan shi ne babban da zai san yaron da fuska. In yaro ya fara ciwon ciki kowace Litinin, ko kuɗi na ɓacewa a gida, ko mai surutu ya koma shiru, wurinsa za a fara zuwa kafin a ɗauko bulala.

Sakamakon zangon farko yakan fito a Disamba, kuma sau da yawa wanda ya saba zuwa na uku a firamare sai ya ga kansa na ashirin. Ajin ya fi girma, yaran daga makarantu daban-daban suka taru, ba abin duka ba ne. A bar matsayi a dubi makin Turanci da lissafi, su ne ke jan sauran. Ranar karɓar katin kada a aiki yayansa ko ɗan maƙwabta. Uba ko uwa su je da kansu, su zauna da malamin aji, su fito da sunan darasi ɗaya da za a sa wa ido a zango na biyu.