TSUTSAR TSARGIYA: YADDA TAKE HAYAYYAHWA CIKIN RUWA

A garuruwa da yawa, in yaro ya hwara hitsarin jini, sai a ce girma ne ya zo mishi. Ba girma ba ne. Ciwo ne, sunanshi tsargiya, kuma wata ƴar tsutsa ce ke kawo shi. Wani likitan Jamus, Bilharz, shi ya hwara ganin ta a Alƙahira cikin shekara ta 1851.

Tsutsar nan ba ta wuce santimetir 1 zuwa 2 ba. Tana zaune cikin jijiyoyin jini na kewayen mahitsara. Namiji ya hi kauri, shina rungume da macen cikin wani kwari na jikinshi. Haka suke zama shekara 3, wani lokaci 5 ko hiye. Kowace rana macen tana zuba ƙwai. Ƙwan yana da ƙaya. Shi ke huda mahitsara ya hito cikin hitsari, shi ya sa ake ganin jini.

Abin lura a nan: tsutsar ba ta ƙaruwa cikin jikin mutum. Ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa sai ya hwaɗa ruwan daɗi, na tabki, ko gulbi, ko idon ruwa, ko magudanar noman rani. In ya hwaɗa kan busasshiyar ƙasa, ya mutu.

Katantanwa ita ce gidan haihuwa

Da ƙwan ya taɓa ruwa sai ya hwashe. Wani ɗan abu ya hito, ido ba ya ganin shi sai da madubin likita. Ba ya kai kwana guda da rai. Cikin wannan ɗan lokaci dole ya sami katantanwa, irin ƙaramar nan mai liƙewa ga ganyen bado da ciyawar ruwa. In bai samu ba, zance ya ƙare.

In ya samu, sai ya shige jikinta. A nan babu namiji babu mace. Shi kaɗai yake ta rarrabuwa. Bayan sati 4 zuwa 6, abu guda ya zama dubbai. Su ne ƴan tsutsotsi masu wutsiya mai baki biyu. Katantanwar tana sako su kullum, har tsawon makonni. Sun hi hitowa da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke wanka, mata ke wanki. Ba sai an sha ruwan ba. Hwata suke hudawa su shiga. Bayan wata 2 zuwa 3 sun girma, sun hwara nasu ƙwai.

Ke nan yaro guda da ya yi hitsari cikin tabki shina iya harbin yaran gari duka, ba tare da ya sani ba.

Yawansu yana bin ruwa

Inda ruwa ke kwana shekara duka, katantanwa ba ta yankewa, tsutsa ma haka. Tabkin damina kuwa yana ƙahewa, sai a zaci an huta. Ba a huta ba. Wasu katantanwa suna nutsewa cikin laka, su yi kwance har rani ya wuce. Ruwan hwarko na sauka su tashi, su yi ƙwai, tabki ya sake cika da su. Sa'ad da ruwa ya ja baya, mutane da tsutsa suna matsuwa wuri guda, kamuwa ta yi yawa.

Abin yi

Ƴan tsutsotsin ba su daɗewa in ba su sami mutum ba. Ruwan da aka ɗebo aka aje kwana 2, ko aka tahwasa, ana iya wanka da shi. A hana yara hitsari cikin ruwa ko bakinshi. A gina salga.

Akwai magani, sunanshi farazikantel. A shekara ta 2004 Nijar ta hwara raba shi ga jama'a, musamman ƴan lokol. Ana auna tsawon yaro da sanda, a ba shi ƙwaya daidai tsawonshi. A ci abinci kahin a sha. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana sabuwa shiga, don haka ake sake rabawa.

Mai ganin jini cikin hitsari shi tahi likita, ko da babu zahi. Tsargiyar da ta daɗe tana rage jini, tana ɓata mahitsara da ƙoda. Ga mata tana taɓa mahaihwa, har ta kawo rashin haihuwa.